Yadda ake bayyana abin da mujallun likitanci ke nema kafin su karɓi bincike

Duk wanda ya taɓa tura maƙala zuwa mujallar likitanci ya san inda aikin ke cijewa. An ɗora rubutu, an ɗora jadawali da hotuna, sai wani shafi ya buɗe da jerin tambayoyi: wa ya ba da kuɗin binciken, wane kwamiti ya amince, mece ce lambar amincewar, an yi wa gwajin rajista, wa ya yi me a cikin marubutan. A nan ne wasu ke fara buge-bugen waya, ana neman takardar da ta daɗe kwance a durowar wani. Wasu kuma su rubuta "babu" a kowane gurbi su wuce abinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan abubuwan da edita ke tambaya ba sa gyaruwa da zarar an taɓa majiyyaci na farko, don haka za mu bi aikin daga tushe, ba daga ranar turawa ba.

Ƙa'idojin nan daga wurare uku suka fi fitowa. Akwai kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, wanda ya samo asali daga wani zama da editoci suka yi a Bankuba ta ƙasar Kanada a 1978. Akwai Sanarwar Helsinki ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, wadda aka fara fitarwa a 1964, aka sake yi mata gyara a 2024. Sai COPE, ƙungiyar kula da ɗa'ar wallafa bincike da aka kafa a 1997, wadda editoci ke bin tsarinta idan wata matsala ta taso. Amma kowace mujalla tana da nata shafin umarni ga marubuta, kuma shi ne ke da ta cewa a ƙarshe. Tun kana rubuta tsarin bincike ka buɗe shafin umarnin mujallu biyu ko uku da kake hange, ka ga abin da za su nema.

Mataki na farko: amincewar kwamitin ɗa'a

Kafin ka yi wa kowa tambaya ko ka ɗebi jinin kowa, ka kai tsarin bincikenka gaban kwamitin ɗa'ar bincike. A Najeriya asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suna da irin waɗannan kwamitoci, kuma kwamitin ƙasa, NHREC, shi ke yi musu rajista a ƙarƙashin kundin ɗa'ar binciken lafiya na 2007. Idan gwajin magani ne ko allura, sai an haɗa da izinin NAFDAC. A Nijar kwamitin ɗa'a na ƙasa ne ke duba irin wannan aiki. Izinin shugaban asibiti ko na mai gari yana da amfaninsa, amma ba shi ne amincewar kwamiti ba, kuma edita ya san bambancin.

Abin da za ka rubuta a sashen hanyoyin bincike shi ne cikakken sunan kwamitin, lambar amincewa, da kwanan watan da aka bayar. Ka tabbata kwanan watan ya riga ranar da aka shigar da mutum na farko. Idan an yi aikin a asibitoci da dama, ka faɗi yadda kowanne ya amince. Idan ka canja tsari a tsakiyar aiki, ka ƙara yawan mutane ko ka ƙara wani gwajin jini, ka koma kwamiti a amince da canjin, ka ajiye takardar.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne binciken da ake yi da tsofaffin fayilolin majiyyata. Sai mutum ya ce ai ban ga kowa ba, fayil kawai na duba, ba sai na nemi izini ba. Wataƙila hakan ne, amma ba kai ke yanke wannan hukunci ba. Kwamiti ne zai ce ya ɗauke maka neman yardar majiyyata, ya ba ka a rubuce, kai kuma ka faɗa a maƙala cewa kwamiti kaza ne ya ɗauke, da lamba kaza.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan dalilin wannan tsanani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya haɗa da yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Bayan da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, sai ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, daga baya aka rubuta ta aka mayar mata da kwanan wata baya. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙauracewa allurar shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Idan wani ya ce maka zai samo maka takarda mai tsohon kwanan wata, to ka san a wane layi yake neman jefa ka.

Mataki na biyu: rajistar gwaji

Tun daga Yulin 2005 mujallun da ke bin ICMJE ba sa karɓar gwajin da ba a yi wa rajista a bainar jama'a ba, kuma sharaɗin shi ne a yi rajistar kafin shigar da mutum na farko, ko a daidai lokacin. Ka lura da abin da suke kira gwaji, domin ya fi yadda ake zato faɗi: duk binciken da kai ne ka tsara a yi wa mutane wani abu don ka ga tasirinsa ga lafiya. Ba magani kaɗai ba. Tiyata, abinci, motsa jiki, har wayar da kan iyaye mata a wata unguwa ana kwatanta su da na wata unguwar, duk gwaji ne. Masu neman ƙwarewa a fannin lafiyar al'umma sun fi kowa faɗawa wannan rami.

Rajistar Afirka, PACTR, tana Afirka ta Kudu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, kuma ba a biyan kuɗi. Akwai ClinicalTrials.gov ta Amurka da ISRCTN. Lambar da aka ba ka ita za ka sa a ƙarshen taƙaitaccen bayanin maƙala.

Sai abin da ya fi lambar muhimmanci. Babban sakamakon da ka ce za ka auna a rajista, shi za ka ba da rahotonsa a matsayin babba. Idan ka yi rajista da cewa za ka duba gushewar zazzaɓi a rana ta 3, bai fito yadda kake so ba, sai ka ɗauko na rana ta 7 ka mayar da shi kan gaba ba tare da ka faɗa ba, ka yi ha'inci ko da kowace lamba gaskiya ce. Wata tawaga a Jami'ar Okusfod ƙarƙashin Ben Goldacre ta bi gwaje-gwaje 67 da aka buga a manyan mujallu biyar, ta tarar 9 ne kacal suka ba da rahoton daidai abin da suka yi alkawari. Canji ba haramun ba ne, ɓoye shi ne matsalar. Ka faɗi abin da ya canja, da yaushe, da dalili. Wanda kuma ya riga ya makara da rajista, ya yi ta yanzu, ya gaya wa edita a fili cewa ta zo a makare. Wasu mujallun za su mayar masa da maƙalar, wasu su duba uzurinsa.

Mataki na uku: yardar waɗanda aka yi binciken a kansu

Jimla guda cewa "an samu yardar kowa" ba ta isa ba. Ka faɗi yadda aka samu: a rubuce ne ko da baki, da wane harshe aka yi bayani, wa ya sa hannu a madadin yara, kuma ko an nemi yardar yaran da suka yi wayo. Inda mutum ba ya karatu, ana karanta masa ne a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ya dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu. Idan an fassara takardar zuwa Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, ka faɗa, kuma fassarar da kwamiti ya gani ita za a yi aiki da ita. Yardar miji ko uba abu ne da ake nema a gidaje da yawa don a zauna lafiya, amma ba ta maye gurbin yardar baligar mace da za a ɗebi jininta. Kuɗin mota ko wani ihsani da aka ba mahalarta, shi ma a ambace shi.

Yarda da shiga bincike daban, yarda da a buga labarin mutum daban. Idan rahoton majiyyaci guda ne, ko akwai hoto, sai an sami takarda ta musamman da ke nuna ya san za a buga, kuma duk mai intanet zai iya gani. ICMJE ta faɗa ƙarara cewa rufe idanu da baƙin layi ba ya ɓoye mutum. Ka cire suna, harufan farkon suna, lambar fayil, da sunan da ke jikin hoton ƙirji ko na sikanin. A ƙaramin gari, shekaru da sana'a da wata cuta da ba a saba gani ba sun isa a gane mutum ko babu hoto.

Mataki na huɗu: wa ya cancanci suna

Sharuɗɗan ICMJE huɗu ne, kuma dukkansu ake so, ba ɗaya ba. Mutum ya taka rawa ta gaske wajen tsara binciken, ko tattara bayanai, ko nazarinsu. Ya rubuta maƙalar ko ya yi mata bita mai zurfi. Ya amince da rubutun ƙarshe. Ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin idan an zo da ita. Samo kuɗi kawai, ko shugabancin sashe, ko ba da izinin amfani da ɗakin gwaji, ba sa mayar da mutum marubuci. Wurin waɗannan shi ne sashen godiya, kuma mujallu da dama za su ce a nemi izinin mutum a rubuce kafin a sa sunansa ko da a godiyar ne.

Kowa ya san wannan ya fi sauƙi a takarda. Ƙaramin likita ba ya iya kallon oga ya ce masa ba ka cancanta ba, musamman idan ogan ne zai sa hannu a takardar jarrabawarsa. Hanyar da ta fi fitar da mutum ita ce a zauna tun farko a raba aiki a rubuce, a ba ogan aiki na gaske, ya duba tsari, ya karanta rubutu ya yi gyara. Idan ya yi, ya ci sunansa da guminsa. Ita kuwa al'adar nan ta "sa ni a taka, in sa ka a tawa" don tara maƙalun ƙarin girma, haɗarinta shi ne ranar da aka gano ƙarya a maƙalar, duk wanda sunansa ke kai da shi za a yi.

Ɗaya gefen kuma shi ne wanda ya yi aiki aka bar shi a waje: ma'aikacin ɗakin gwaji, mai lissafin alƙaluma, nas ɗin da ta tattara bayanai wata da watanni. ICMJE ta ce duk wanda ya cika sharaɗi na farko a ba shi damar cika sauran, ba a hana shi ganin rubutun sannan a ce bai cancanta ba. Haka nan idan haɗin gwiwa ne da jami'ar waje, editoci yanzu suna tambaya in sun ga bayanai daga Afirka babu ɗan ƙasar a jerin marubuta. Idan kuma wani ƙwararren marubuci ne ya taimaka da rubutun, a faɗi sunansa da wanda ya biya shi. Takardun da suka fito a shari'o'in maganin Vioxx sun nuna yadda ma'aikatan kamfani ke tsara maƙala sannan a ɗora sunan malamin jami'a a kai, kamar yadda mujallar JAMA ta bayyana a 2008.

Mujallu da yawa za su ba ka tsarin CRediT mai ayyuka 14, ka nuna wa ya yi wanne. Bayan an tura, ƙara suna ko cire suna yana buƙatar dalili da sa hannun kowa. Edita ba ya raba rigimar marubuta, jami'a ko asibiti zai mayar wa.

Mataki na biyar: karon maslaha

Karon maslaha shi ne marubuci ya kasance yana da wata alaƙa, ta kuɗi ko wata, da za ta iya shafar bincikensa. Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. Mutane suna ɗauka bayyana alaƙa da kamfani amsa laifi ne. Ba haka ba ne. Likita ya karɓi tallafin kamfanin magani ba laifi ba ne. Abin da ake so shi ne mai karatu ya sani, ya auna da kansa. Kuma tambayar ba ita ce ko kuɗin ya karkatar da kai ba, domin babu wanda ke jin an karkatar da shi. Tambayar ita ce: in wani ya ji labarin daga baya, zai ce me ya sa ba a gaya mini ba?

Akwai fom na bayyana karon maslaha, ana sauke shi daga shafin ICMJE. Kowane marubuci shi zai cika nasa da hannunsa, a tattara wa marubucin da ke hulɗa da mujalla. Kada ka cika wa kowa, ko da ya ce ai ka san ba ni da komai. Fom ɗin da ake amfani da shi tun 2021 yana da gurbi 13. Na farko ya shafi duk wani tallafi da wannan aikin ya samu tun daga ranar da aka fara tunaninsa, babu iyakar lokaci: kuɗi, kayan gwaji, taimakon rubutu, har kuɗin buga maƙalar in wani ne ya biya. Sauran 12 sun shafi wata 36 da suka wuce. Suna tambayar tallafi ko kwangila, kuɗin haƙƙin mallaka, kuɗin ba da shawara, ladan gabatar da lacca, kuɗin ba da shaida a kotu a matsayin ƙwararre, ɗaukar nauyin zuwa taro, rajistar ƙirƙira ko da ana kan nema ne, zama a kwamitin sa ido kan gwaji ko na ba da shawara, shugabanci a ƙungiya ko da ba a biya, hannun jari, kyautar kaya ko magani, sai gurbi na ƙarshe na duk abin da bai shiga waɗannan ba. A gefen kowanne akwai wurin da za ka nuna ko kai aka biya ko ma'aikatarka. Wanda aka biya ma'aikata ma ana faɗinsa.

Ga irin abubuwan da ake mantawa da su a wajenmu. Kamfani ya ba ku sinadaran gwaji ko na'urar auna sukari kyauta: tallafi ne. Wakilin kamfani ya biya maka tikiti da otal zuwa taron ƙungiyar ƙwararru a Legas ko Akara: gurbi na bakwai. Ka yi magana ta rabin awa a wajen ƙaddamar da wani maganin hawan jini aka miƙo ambulan: gurbi na biyar. Kana da asibitin kuɗi ko ɗakin gwaji da ke yin irin gwajin da maƙalarka ke yabawa. Kana binciken wani haɗin maganin gargajiya, mai haɗa shi ne ya ba ka samfurin, ko kuma ɗan uwanka ne. Matarka ko ƙaninka na aiki da kamfanin, ko shi ne dillalinsa. Kana cikin editocin mujallar da za ka tura wa, abin da yake faruwa sosai a mujallun ƙungiyoyinmu, kuma maganinsa shi ne a faɗa, a ba wani editan ya riƙe maƙalar. Biro da fakitin shinkafa a taron sashe, a ganina ba su ne edita ke nema ba, amma da zarar abu ya kai tikiti ko ambulan, rubuta shi.

Abin da ya fi sauƙaƙa wannan aiki shi ne mutum ya buɗe fayil guda a kwamfutarsa, duk ranar da wani abu ya shigo ya rubuta kwanan wata, sunan mai bayarwa, da dalili. Shekara uku tana da tsawo, ƙwaƙwalwa kuma ta iya manta abin da bai yi mata daɗi ba.

Misalai biyu sun isa su nuna abin da ɓoyewa ke jawowa. A 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield a kan yara 12, wadda ta jefa shakku kan allurar MMR da ke kare yara daga ƙyanda da wasu cututtuka biyu. Bai faɗa wa mujallar ba cewa ya karɓi fam 55,000 ta hanyar lauyoyin da ke shirin kai masu yin allurar kotu. Ɗan jarida Brian Deer ne ya fallasa hakan a 2004, goma daga cikin abokan rubutunsa suka janye daga fassarar sakamakon, mujallar ta janye maƙalar a 2010, a shekarar kuma aka soke lasisinsa na aikin likita a Birtaniya. Na biyun bai ma kai ga zargin ƙirƙirar sakamako ba. José Baselga, babban likitan cibiyar ciwon daji ta Memorial Sloan Kettering a Niyok, ya ajiye aiki a Satumban 2018 bayan New York Times da ProPublica sun nuna bai bayyana miliyoyin dalolin da ya samu daga kamfanoni ba a maƙaloli da dama.

Jimlar da za ta fito a maƙala, da harshen mujallar za ka rubuta ta, amma ga yadda za ta kasance: marubuci na farko ya karɓi ladan lacca daga kamfani kaza, ma'aikatar marubuciya ta biyu ta karɓi tallafin bincike daga gidauniya kaza, sauran ba su da abin bayyanawa. Babu ba da haƙuri, babu kare kai.

Mataki na shida: mai ba da kuɗi da rawar da ya taka

Sunan mai tallafi da lambar tallafin, ko TETFund ce, ko wata gidauniya, ko kamfani. Idan daga aljihunku kuka yi, ku ce ba a sami tallafi daga waje ba. Sannan a faɗi ko mai tallafin ya sa hannu a tsara bincike, tattara bayanai, nazari, rubutu, ko shawarar bugawa. Kada ka kwafi jimlar "ba shi da hannu" daga wata maƙala alhali ma'aikacin kamfanin ne ya yi lissafin.

Tun a wajen sa hannu kan yarjejeniya ake tsare wannan. Duk yarjejeniyar da ta hana ka ganin cikakkun bayanai, ko ta ba mai kuɗi ikon hana bugawa, ka guje ta. Mujallu da dama za su sa wani cikinku ya tabbatar ya ga bayanan da idonsa. A Yunin 2020 Lancet da New England Journal of Medicine sun janye maƙaloli biyu kan korona da suka dogara da bayanan kamfanin Surgisphere, saboda marubutan sun kasa tabbatar da bayanan da suka sa sunansu a kai. Wasu mujallun kuma, irin su BMJ da PLOS Medicine, ba sa duba binciken da kamfanin taba ya biya, ko an bayyana ko ba a bayyana ba.

Mataki na bakwai: bayanai, ƙirƙirarriyar basira, da abin da ya riga ya fita

Tun Yulin 2018 maƙalar gwaji sai ta zo da bayanin ko za a ba wasu masu bincike damar ganin bayanan mahalarta bayan an cire abin da zai sa a gane su: waɗanne bayanai, daga yaushe, ga wa, da wane sharaɗi. Kana iya cewa ba za a bayar ba. Abin da ba a karɓa shi ne ka ce ba ku yanke shawara ba tukuna. Kada kuma ka yi alkawarin abin da takardar yardar mahalarta ba ta ƙunsa ba.

Idan ka yi amfani da ChatGPT ko makamancinsa, tun 2023 ICMJE ta ce a faɗa. In rubutu ya taya ka, a sashen godiya. In nazarin bayanai ne ko haɗa zane, a sashen hanyoyin bincike. Ba a sa shi a jerin marubuta, domin ba ya iya ɗaukar alhaki. Ka bi kowace madogara da ya ba ka ka tabbatar tana nan, saboda yakan ƙirƙiro wadda ba ta taɓa wanzuwa ba, kuma kada ka zuba masa bayanan majiyyata.

Sai tarihin maƙalar kanta. Ba a tura maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda, komai jinkirin ta farkon. Ka janye a rubuce, ka sami amsa, sannan ka tura wani wuri. Idan an gabatar da aikin a taro, ko an ɗora shi a medRxiv, shafin da ake ɗora maƙala kafin a yi mata bita, ko daga kundin jarrabawarka ta kwalejin ƙwararru aka ciro shi, ka faɗa. Idan akwai wata maƙala daga majiyyatan nan ɗaya, wadda aka buga ko take hannun wata mujalla, ka ambace ta ka haɗa da kwafi.

Mataki na takwas: ranar turawa

Ka tara komai a jaka guda: takardar kwamiti da na gyare-gyare, lambar rajista, samfurin takardar yarda, fom ɗin kowane marubuci, lambobin ORCID (lambar shaidar kowane mai bincike), da jerin dubawa da ya dace da irin bincikenka, CONSORT ga gwaji, STROBE ga binciken lura, PRISMA ga bitar bincike, CARE ga rahoton majiyyaci. A wasiƙar da za ta raka maƙalar ka taƙaita waɗannan, kuma duk abin da kake shakka ko ya kamata a faɗa, ka faɗe shi a nan ka bar edita ya zaɓa. Kafin ka danna, ka jera maƙala da rajista da takardar kwamiti ka duba: kwanan wata, yawan mutane, sunan mai tallafi, babban sakamako. Saɓani tsakanin waɗannan ukun shi ne abin da mai bita ke fara hangowa.

Bita takan ɗauki watanni. Idan a tsakanin nan wani cikinku ya sami sabon tallafi ko ya karɓi aikin shawara, a sabunta fom ɗin lokacin mayar da gyara.

Idan an riga an buga sannan ka tuna

Ka rubuta wa edita nan take, da sanin sauran marubuta. Ka faɗi abin da aka bari, na wane lokaci ne, da jimlar da ya kamata ta fito. Yawanci gyara ake bugawa a liƙa shi da maƙalar, maganar ta ƙare a nan. Idan wani ne ya kai ƙorafin, tsarin COPE ya tanadi edita ya nemi bayani daga gare ka, yana iya sanar da jami'arka ko asibitinka, kuma in ya ga abin da aka ɓoye ya isa ya canja yadda za a fahimci sakamakon, yana iya janye maƙalar. Idan alaƙar ta shafi wasu maƙalun da ka buga a cikin wata 36 ɗin nan, kowace mujalla sai ka aika mata tata wasiƙar.